Hoton Inna a Bangon Kanti

Tun kafin mai tasi ya gama tsayawa Auta ta hango hoton.

An kafa shi ne a bangon kantin Abbanta, daidai inda duk mai wucewa zai gani ta cikin gilashi, tsayinsa ya fi na mutum. Inna ce a jiki, dattijuwar da ke yi wa kantin aikin hannu, zaune a kan tabarma, kanta a sunkuye tana zura duwatsun wuya a zare. Auta ta san hoton sarai, domin ita ta ɗauke shi da wayarta wata rana da suna raha a ɗakin aiki.

Sai idonta ya kai kan rubutun da ke ƙasan hoton. Da manyan baƙaƙe aka yi shi, cikin harshe biyu: "A da bara take yi a ƙofar kasuwa, fuskarta a lulluɓe don kada 'ya'yanta su gane ta. Kowace sarƙa kika saya, kin share mata hawaye."

Ta karanta, ta sake karantawa. Mai tasi sai da ya yi mata magana sau biyu kafin ta tuna ba ta sallame shi ba.

Ban da Inna kanta, mutum biyu ne kaɗai a duniya ya kamata su san wannan zance, ita da wanda ya gaya mata. Ita ce kuma ta fitar da shi.

Kantin Abba ba ya sayar da kayan da inji ya yi. Duk abin da ke cikinsa, daga sarƙa da awarwaro da 'yan kunne zuwa jakunkunan saƙa da gyale mai aikin allura, hannu ne ya yi shi. Matan unguwannin bayan gari ne ke aikin, a wani dogon ɗaki da Abba ya kama musu, kuma kowane kaya yana fita ne da ɗan kati mai hoton wadda ta yi shi da taƙaitaccen labarinta. Masu saye daga ƙasashen waje suna son wannan kati kamar yadda suke son kayan, domin suna jin sun yi ado kuma sun yi taimako. Auta ce ke zana fasalin kayan tun da ta gama karatu. Inna ce babbar masu zura duwatsu. Ɗan Inna kuwa, wanda kowa ke kira Mai Azurfa, shi ke ƙera maɗauran sarƙoƙi da zobba a 'yar maƙerarsa da ke bayan ɗakin.

Shi ne Auta ke so, gidansu kuma kowa ya sani, kowa ya ƙi.

Abba ya ce ba shi da abin faɗa a kan halin yaron, amma ba zai zama suruki ga wanda yake ba wa aiki ba. Gwaggo, yayar Abba, wadda ta riƙe Auta tun rasuwar Ummanta, ita ba ta ma tsaya kwana-kwana ba. Ta riga ta ajiye wa Auta ɗanta, wanda ke kula da kantin, har sunansa ya ɓace kowa na ce masa Manaja.

A watan da ya wuce ne aka zaunar da ita a falo. Gwaggo ta yi ta zuba, tana cewa mutanen da ba a san asalinsu ba, waɗanda ba su san ciwon kansu ba, su za a kwaso a haɗa zuri'a da su. Auta ta ji zuciyarta na tafasa. Tana kuka ta ce ba su san ko wace ce Inna ba, ba su san abin da matar nan ta jure don 'ya'yanta su rayu ba. Sai bakinta ya kwance. Ta faɗi shekarar da mijin Inna ya rasu, ta faɗi yunwar da ta biyo baya, ta faɗi ƙofar kasuwa da lulluɓin. A tunaninta in Abba ya ji zai yi laushi.

Abba bai yi laushi ba, tashi ya yi ya shige ɗaki. Ta manta Manaja na zaune a kujerar gefe yana danna waya. Bayan kwana kaɗan da ya nemi ta turo masa hotunan mata masu aiki don sabon kati, ta tura masa duka ba tare da ta tambaya ba, don dai ya daina kiranta.

Yanzu Auta ta bar gaban hoton ta shige kantin, ta tura ƙofar ofis ko sallama ba ta yi ba. Manaja na tsaye yana gyara wuyan riga a jikin gilashin taga, Gwaggo na zaune a kujerarsa tana shan shayi.

"Yaya, wa ya ba ka izinin wannan abu?"

Bai ko ɗaga murya ba. Ya ce ai ita ta faɗa da bakinta, shi kuwa ya ga labari ne mai taɓa zuciya, kuma babu ƙarya a ciki. Ya ce tun da ya tura wa baƙuwar da ke sayen kayansu daga waje, matar ta kasa zama, ta ninka abin da take nema, yau da la'asar ma za ta iso kantin da kanta. An riga an buga katunan, an ɗaura a jikin sarƙoƙi, wasu kwalayen har sun yi gaba. Ya ce matan da ke zaman jiran aiki duk za a kira su saboda wannan hoto ɗaya, in tana da tausayin da take faɗa, ta yi murna.

"Ka tambayi Inna?"

"Me zan tambaye ta? Taimakonta ake yi."

Gwaggo ta ajiye kofi tana murmushi. Ta ce ai gara da aka kafa shi babba, ko Auta za ta riƙa kallon surukar da take zaɓa wa kanta kullum in ta zo aiki. Ta ce wace irin fuska Abba zai ɗauka ya shiga cikin mutane, a ce ga uwar mijin 'yarsa can a bango ana nema mata taimako.

"Ni na raine ki," in ji Gwaggo. "Ban raine ki don ki kai ni gidan bara ba. Yau in baƙuwa ta tafi, Abbanki zai yanke magana a kanki da yayanki, ki shirya."

 Da a ce ƙarya suka yi wa Auta, da ta san yadda za ta yi faɗa. Amma duk makamin da suke riƙe da shi, ita ta miƙa musu.

Ta fita ta tari wata tasi zuwa ɗakin aiki.

Yau babu rahar da aka saba. Matan na zaune layi-layi, faranta cike da duwatsu ja da shuɗi da ruwan zuma a gabansu, kowacce ta sunkuyar da kai. Sun amsa gaisuwarta a ciki-ciki. Tabarmar Inna na naɗe a jikin bango, kwandon zarenta a rufe. Wata daga cikinsu, mai yawan tsokanarta da kiran "amaryarmu", yau ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ta zagaya baya. Mai Azurfa na zaune gaban wuta, ya kama wani siririn ƙarfen azurfa da awartaki yana bugu da ƙaramar guduma. Ya ga inuwarta bai daina ba. Sai da ta durƙusa kusa da buhun gawayi, gyalenta na jan toka, sannan ya ajiye gudumar.

Idanunsa sun yi ja, ta san kuma ba hayaƙi ba ne.

Ta fara ba shi labarin yadda abin ya faru, falo, da maganganun Gwaggo, da yadda ta so ta kare su.  Ya bar ta har ta kai ƙarshe.

"Na san ba da mugunta kika yi ba," ya ce a hankali. "Da mugunta ce da ya fi mini sauƙi."

"Ka zage ni, don Allah. Ka ce wani abu."

"Me zan ce? Ƙannena ba su sani ba. Ita kanta Inna ba ta san na sani ba. Na riƙe abin nan tun ina yaro, ko a mafarki ban faɗa ba. Ke kaɗai na ba ajiyarsa, saboda na ce wadda za ta zauna da ni ya kamata ta san daga inda na fito."

Hawaye ya ɓalle mata. Ta ce za ta yage hoton da hannunta, za ta bi kwalayen ta ciro katunan, za ta bar aikin ma baki ɗaya in hakan zai gyara. Ya girgiza kai, ya ce abin ya riga ya shiga wayoyin mutane. Jiya da yamma 'yar maƙwabta ta shigo da waya ta nuna wa Inna a gaban ƙannensa. Inna ta duba, ta miƙa wayar, ta shiga ɗaki ta ja labule. Har ya fito yau da safe bai ga fuskarta ba, kuma shi ma bai nema ba.

"Ban iya haɗa ido da ita ba," ya ce, muryarsa ta karye a karo na farko. "Za ta tambaya a ina aka ji. Ni ba zan iya ba ta amsa ba."

Auta ta goge fuska da bakin gyale ta miƙe. Ta ce ita za ta ba ta. Bai hana ta ba, bai kuma ce ta je ba. Ta kai bakin ƙofa ta ji gudumar ta ci gaba da sauka.

Gidan Inna na can ƙarshen wani siririn lungu. Tsakar gidan a share take tas, igiyar shanya ɗauke da kayan makarantar yara. Auta ta yi sallama, aka daɗe kafin aka amsa daga bayan labule.

Inna na zaune a bakin gado, hannayenta a kan cinya babu aikin komai. Auta ba ta taɓa ganin hannayen nan a zaune ba. Ta zube a ƙasa kusa da ƙafafunta, ta gaishe ta, Inna ta amsa kamar kullum, har da tambayar lafiyar Alhaji, wato Abba, da Gwaggo. Wannan ya fi zagi zafi a wurin Auta.

"Inna, ni ce. Daga bakina aka ji."

"Na san ke ce, 'yar nan. Hoton ai ke kika ɗauka, ina ce miki ki bari in gyara ɗankwali." Ta gyara zama. "Abin da ya hana ni barci ba shi ba ne. Ni ban taɓa gaya wa ɗan Adam ba. Ƙofar kasuwar ma ba ta unguwarmu ba ce, nisa nake yi. Ke wa ya gaya miki?"

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta kalli ledar ɗakin, ta kalli ƙafar gado, babu wurin ɓuya.

"Shi ne, Inna."



Auta ta ci gaba da ƙyar, tana faɗa kamar yadda ya faɗa mata. Wata rana an tashe su daga makaranta da wuri, ya bi abokansa ta wata hanyar da ba su saba bi ba. Ya ga mata zaune a ƙofar kasuwa, ɗaya ta lulluɓe har fuska. Ba fuskar ya gane ba, takalmin ya gane, domin shi ya ɗaure maɗaurinsa da wayar ƙarfe lokacin da ya tsinke. Ya ciro kuɗin tararsa ya saka mata a tafin hannu, ya ruga da gudu, ya je bayan wani shago ya yi kuka har ya gaji. Da ya dawo gida ya tarar ta dafa musu abinci tana cewa wanki ta samu a wani gida, ya zauna ya ci.

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Inna, ba kuka ba, ba magana ba. Ta sa hannu ta toshe bakinta.

"Na gane hannunsa," ta ce can. "Wace uwa ce ba za ta gane ba? Na ce a raina, Allah na gode, yarona mai tausayi ne, ya ga baƙuwar mabaraciya ya ba ta abin bakinsa. Na yi ta godiya da bai gane ni ba. Ashe duk shekarun nan yana kallona yana sane. Ina yi masa ƙarya yana cewa to, Inna."

Sai kukan ya zo mata gaba ɗaya. Auta ta kifa kai a gwiwar Inna tana kuka ita ma, tana cewa ta yafe mata, ita ce ta jawo, bakinta ne ya yi wannan ɓarna. Inna ba ta ture ta ba, ba ta kuma dafa ta ba.

Da suka lafa, Auta ta ce yanzun nan za ta koma ta sauke hoton ko da Abba zai kore ta daga gida. Inna ta tambaye ta abin da zai faru da aikin in an sauke. Auta ta so ta yi ƙarya, ta kasa. Ta faɗa mata zancen baƙuwar, da matan da aka ce za a kira, da cewa in labarin ya janye wataƙila cinikin ya janye.

Inna ta jinjina kai. Ta ce ta san matan nan ɗaya bayan ɗaya, ta san wadda mijinta ke kwance, ta san wadda aka koro 'ya'yanta daga makaranta. Ta ce ba za ta so wata ta je ta zauna inda ta zauna ba saboda ita tana kare fuskarta.

"Kin ga inda kika ajiye ni?" ta ce, ba da faɗa ba. "In na ce a sauke, na cire abinci a bakin mutane. In na ce a bari, 'ya'yana su yi ta wucewa suna karanta uwarsu."



Inna ta tambayi lokacin da baƙuwar za ta zo, Auta ta faɗa mata. Ta ce ta tashi ta tafi, kada ta taɓa hoton.

"Inna, kin yafe mini?"

"Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Zuciya ba ta sauri irin na baki, 'yar nan. Je ki."

Da la'asar kanti ya cika. An jera sarƙoƙi a kan farin ƙyalle a ƙarƙashin fitilu, kowacce da katinta na reto. Abba ya sha babbar riga yana karɓar mutane. Gwaggo ta sa an kawo wa Auta kaya daga gida, ta tsaya a kanta sai da ta sauya, ta kuma tsayar da ita kusa da Manaja tana raɗa wa ƙawayenta wani abu suna murmushi.

Baƙuwar doguwa ce mai furfura, da gilashi rataye a wuya. Ta daɗe a gaban hoton Inna, hannunta dafe da ƙirji, har sai da ta ciro hankici. Auta ta ga matar ba muguwa ba ce, da gaske abin ya taɓa ta, wannan kuma ya ƙara mata nauyi. Kowace kalma da matar ke karantawa, Auta na jin muryarta ce ke faɗarta a falo.

Manaja na cikin bayani da harshen baƙuwar, sai surutun wurin ya fara mutuwa daga bakin ƙofa.

Inna ce ta shigo. Ta sa atamfarta mafi kyau, ɗaurin ɗankwali ya zauna daram, a wuyanta akwai sarƙar duwatsu aikin hannunta da maɗaurin azurfa. Mayafinta na kafaɗa, fuskarta a buɗe. A bayanta Mai Azurfa ne cikin fararen kaya, idanunsa a kumbure. Daga yadda yake tafe dab da kafaɗarta, Auta ta gane uwa da ɗa sun yi maganar da suka daɗe ba su yi ba. Bai kalli inda take ba.

Inna ta ratsa mutane a natse har ta tsaya a ƙarƙashin hotonta. Baƙuwar ta dubi bango, ta dubi Inna, fuskarta ta washe, ta miƙo hannu biyu. Inna ta karɓa da mutunci, sannan ta juya wajen Abba ta gaishe shi.

"Alhaji, ni ce ta jikin bangon nan. Abin da aka rubuta gaskiya ne, na yi bara, ban yi sata ba. Ba a tambaye ni ba aka kafa ni, amma na zo in ce na yarda a bar shi, saboda 'yan uwana mata."

Abba ya fara murmushin jin sauƙi, yana cewa ai an gode, an gode.

"Ban gama ba, Alhaji. In fuskata ta isa ta tsaya a kantinka ta sayar maka da kaya, to ɗan da na ciyar da barar nan ya isa ya zauna a falonka a saurare shi. In kuwa bai isa ba, a sauke ni yanzu, a gaban baƙuwarka, in naɗe abina in tafi da shi."

 Gwaggo ta riƙe haɓa. Manaja, wanda tun ɗazu bakinsa bai huta ba, ya tsaya da baki a buɗe.

Baƙuwar ta dubi wannan ta dubi wancan, murmushinta na raguwa. Ta tambaya me matar ta ce. Manaja ya kau da kai. Sai ta juyo wajen Auta, wadda aka gabatar mata a matsayin mai zana kayan, ta sake tambaya.

Abba ya matso har Auta na jin ƙamshin turarensa. Ya yi ƙasa da murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Ki ce mata godiya take yi."

Auta ta dubi mahaifinta, mutumin da bai taɓa roƙonta komai ba, ta ga gumi a goshinsa. Ta dubi Inna, wadda ke tsaye ba ta neman taimakon kowa. A lokacin ne Mai Azurfa ya ɗago ido ya kalle ta, karo na farko tun da ya shigo.

Ta damƙe bakin gyalenta, ta juya ta fuskanci baƙuwar.

"Ba godiya take yi ba," ta ce da harshen baƙuwar.